Kwanon da Aka Ware Mini a Sabon Layi

A Mararraban Mubi direban ya sauke ni, ya dire akwatina a bakin kwalta, ya ce motarsa Michika za ta, in nemi wata. Na tuna masa cewa a tashar Gombe ya dafa ƙirji ya ce har cikin garin Mubi zai kai ni. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Baba, ka cika magana," ya ja motarsa. Na fito da littafina na rubuta lambar motar da lokacin da abin ya faru. Ba ni da inda zan kai ƙara, na sani. Amma shekara ashirin da shida da na yi ina magatakardan kotu sun koya mini cewa duk abin da ba a rubuta ba, akwai ranar da wani zai miƙe ya ce bai taɓa faruwa ba.

Sunana Bulus, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Bayan na yi ritaya na shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, da na gama aka turo ni Mubi in riƙe ajin sababbin masu bi, in kuma zama sakataren wata ikilisiya a Sabon Layi. Matata Saratu ta zauna gida saboda gona. Ni kaɗai na iso da la'asar a bayan wata motar ɗaukar masara, ƙafafuna sun kumbura, duwatsu sun kewaye ni ta kowace fuska, ni da na tashi a ƙasar da ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba.

Faston ikilisiyar yana zagaya majami'u huɗu ne, sau ɗaya a wata ake ganinsa. Saboda haka ragamar komai tana hannun shugaban dattawa, Dattijo Zira, wani dogon mutum mai shagon hatsi. Ya karanta takardata har sau biyu, sa'an nan ya ɗago.

"Kai Bahaushe ne?"

Na ce Bahaushe ne.

"Kuma ka ce kai Kirista?"

Na ce tun daga kakana.

"To yi mana Addu'ar Ubangiji mu ji."

Ina da shekara sittin da ɗaya aka tsayar da ni a gaban mutum shida kamar ɗan aji ɗaya. Na yi addu'ar, ban tsallake kalma ba. Wani daga baya ya ce, "Hausa nasa kamar na rediyo," aka yi dariya. Na san abin da mutanen nan suka gani a shekarar da garin ya watse, aka ƙone majami'u, kowa ya bi duwatsu da abin da ke jikinsa. Na yi musu uzuri a kan tsoronsu. Dariyar ce ban yi wa uzuri ba, kuma har yau ban yi ba.

Aka ba ni ɗaki a gidan wata gwauruwa, Mama Kwanye, mai noman gyaɗa. Ba ta da fara'a, amma ba ta taɓa barin randar ƙofata babu ruwa ba. Miyarta ta yakuwa da gyaɗa tana da daɗi, sai dai duk lomar da na kai baki miyar kukar Saratu nake tunawa, da ƙamshin daddawarta. Makonni da yawa na yi ba wanda ya tsaya ya yi hira da ni fiye da gaisuwa. In na shigo wuri sai a juya harshe zuwa yaren da ba na ji.

A ajina mutum bakwai ne. Shida suna zama a benci, na bakwai yana zama a kan wani dutse a bakin ƙofa. Sunansa Vandi, maƙeri ne a unguwar Lokuwa, ya kusa hamsin, hannuwansa duk tabon wuta. Wata biyar ke nan da ba da gaskiyarsa. Da yatsa yake bin layi in yana karatu, a hankali ƙwarai, amma tambayoyinsa su ne ke sa ni komawa ɗaki in sake buɗe littattafaina. Ranar da na ce ya taso ya zauna a benci, ya taso, sauran kuma suka matsa can ƙarshe har ɗaya ya kusa faɗuwa. Na ɗauka warin gawayi suke gudu. Na rubuta a littafina cewa ajin yana buƙatar darasi a kan ladabi.

Da na ga awa ɗaya a mako ba ta isarsa, sai na ce zan riƙa zuwa maƙerarsa Talata da Juma'a. Zuwana na farko ya yi daidai da azahar. Matarsa ta kawo tuwo a kwano biyu, ta ajiye mini nawa can gefe, nesa da nasa. A garinmu, in ka ware wa baƙo kwano alhali ga ka zaune, ka gaya masa ke nan ba ka ɗauke shi ɗan'uwa ba. Don haka na ture nawa, na wanke hannu, na sa a nasa. Vandi ya tsaya cak da loma a hannu. Matarsa ta kama baki. Wasu mutum biyu da suka kawo gyaran fartanya suka dubi juna, suka tashi ba sallama.

Kafin in koma Sabon Layi labari ya riga ni. Na tarar da Mama Kwanye a tsakar gida da gwangwanin jan fenti, tana shafa wa gefen wani kwanon silba.

"Malam, daga yau wannan ne naka. Kofi ma na ware. Kar ka haɗa shi da namu wurin wanki."

Na tambayi laifina.

"Ka ci da maƙeri."

Na ce na ci da ɗalibina, mai bi kamar ni da ita.

"Kai baƙo ne, ba ka sani ba. A wurinmu tun kakanni, maƙera su ne masu gawa. Su ke wanke shi, su ke ɗauka, su ke binnewa. Ba a aure da su, ba a ci da su kwano ɗaya."

"Har a cikin coci, Mama?"

"Coci coci ne. Kwano kwano ne."

Na yi mata bayani mai tsawo, da ayoyi, a tsaye. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta kifa kwanon a kan katanga don fentin ya bushe. Dole in faɗi gaskiya, ba kowa ne a Mubi yake riƙe da wannan al'ada ba. Ɗaliban da ke haya a Lokuwa ko labarinta wasunsu ba su sani ba. Amma a ikilisiyar da aka turo ni, tsofaffin gidaje ne ke da murya, kuma a wurinsu maganar tana nan da ranta. Ko ranar jibin Ubangiji, da ake raba wa masu bi gurasa da abin sha a ƙananan kofuna, bayan an yi wa Vandi baftisma, na lura ɗan kofinsa an ɗaura masa zare a gindi don kada ya ɓace cikin sauran.

Shi kansa Vandi bai sake yarda mun ci tare ba. In matarsa ta kawo abinci sai ya ɗauki nasa ya juya mini baya. "Malam, sau ɗaya ya isa. Ka ga abin da ya jawo maka."

Wata takwas muka yi muna karatu a maƙerar nan. Da yake aikinsa ba ya tsayawa, sai muka raba: ni in riƙe zuga-zugi, shi ya karanta aya kafin ƙarfe ya yi ja, in ya yi ja ya ajiye Littafi ya ɗauki masaba, yana duka yana maimaita abin da ya karanta. In bayanina bai gamsar da shi ba sai ya ce, "Bai nuna ba, Malam. Mayar da shi wuta." Masu keke da ke wucewa suna ɗaga murya, "Sannu da aiki, yaron maƙeri!" Ni da alƙalai ke miƙo wa takarda da hannu biyu. Nakan haɗiye, in ci gaba da zuga.

Wata Juma'a muka kai inda aka sauko da jikin Ubangiji daga gicciye. Vandi ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Ƙarfen da ke wuta ya yi ja har ya fara zubar da tartsatsi, bai kula ba.

"Wannan mutum da ya roƙi gawan, maƙeri ne?"

Na ce a'a, babban mutum ne, ɗan majalisa, mai dukiya.

"Da hannunsa ya naɗe shi?"

Na ce haka aka rubuta.

"To bayan nan, mutanensa sun ci abinci da shi?"

Na so in ce sun ci. Amma na ce masa Littafi bai faɗa ba, kuma ba zan ƙara abin da babu ba.

Ya ce, "Ba komai. In mun haɗu zan tambaye shi."

Tun daga ranar na san mutumin nan mai wa'azi ne. Ƙananan majami'unmu na ƙauyuka kuwa sukan yi Lahadi biyu, uku, ba mai buɗe musu Littafi. A taron dattawa na gaba na gabatar da sunansa a sa shi cikin jerin masu wa'azi.

Dattijo Zira ya ce, "Wanda ya wanke gawan ubana, shi zai hau sama da kaina ya koya mini Allah?"

Na buɗe kundin tsarin ikilisiya na karanta musu sashen da ya dace: duk mai bi da aka yi wa baftisma, wanda malaminsa ya shaida, yana da damar wa'azin gwaji a gaban cikakkun mambobi goma sha biyu, su sa hannu a rajista. Da na tsaya nan da ya fi. Amma raina ya riga ya ɓaci, sai na jawo tsohon littafin taro na karanto wurare uku inda Dattijo da bakinsa ya koka a kan rashin masu wa'azi a ƙauyuka, har da ranakun. Na karanta da irin muryar da nake karanta tuhuma a kotu. Abin da na faɗa gaskiya ne. Sai dai na kunyata dattijo a gaban ƙannensa, kuma a fuskarsa na ga ya gama da ni.

"To, Sakatare," in ji shi a sanyaye. "Doka doka ne. Zai yi gwaji. A ƙaramin coci na bayan ƙauyen Vimtim, Asabar na biyu a watan cire gyaɗa, ƙarfe tara na safe. Rubuta."

Na rubuta. Kowa a ɗakin ya san cewa a wannan lokaci ko mara lafiya gona yake kwana da tunaninta, kuma ba mai barin gyaɗarsa a ƙasa ya hau mashin zuwa Vimtim don sauraron maƙeri. Ya ƙara da cewa gwaji sau ɗaya ake yi. Daga baya na ji a makon nan ya aika wa ofishin gunduma takarda a kaina.

Gida gida na bi ina roƙo. Wasu suka ce za su duba, wasu suka bar ni a tsaye a ƙofa. Wata mata ta ce wa 'yarta, a gabana, ta ba ni ruwa a gwangwanin madara.

Ranar Asabar ɗin mai mashin ya bi da mu ta cikin gonakin dawa, ya sauke mu a gaban wani ɗan gini na laka mai rufin kwano. Na zauna a ƙofa da rajista da ɗan akwatin tawadar dangwale da na taho da shi tun daga kotu. Matar Vandi ta zo. Ɗalibai shida, mambobinmu cikin masu hayar nan na Lokuwa, suka zo a kan mashin biyu. Tsofaffi uku na ƙauyen, waɗanda ƙarfin gona ya ƙare musu, suka shigo da sanduna. Da ni, goma sha ɗaya. Dattijo Zira ya zo, amma ya tsaya a gindin wata bishiyar maina a waje, ya harɗe hannu. Ƙirga ya zo yi.

Tara ta wuce, tara da rabi ta wuce. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Baba, abokina yana hanya, mashin ne ya lalace. Kawo in sa masa hannu. Wa zai sani?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: na miƙa masa biron har ya kama. Wata takwas na zuga da zagi sun rataya a kan layi ɗaya da babu suna. Sai na ji muryar Vandi a bayana.

"Malam, rubuta abin da ka gani."

Na karɓe birona. Na rubuta goma sha ɗaya da harufa, kamar yadda ake yi don kada a gyara. Na ce masa gwajin ba zai ƙirgu ba. Ya ce ai mutane sun zo, ba zai mayar da su da yunwa ba. Ya je gaba, bai hau mumbari ba, ya tsaya a ƙasa da Littafinsa mai tabon gawayi.

"Ni Vandi ne, kun san ni. Wanda bai san ni ba, ubansa ya san ni, don ni na kai shi."

Tsofaffin suka yi 'yar dariya. A daidai lokacin na hangi kan mace a tagar baya, da kwando a ka. Mama Kwanye ce. Gonarta tana nan kusa, na sani, amma ban gaya mata komai ba, don na tabbata ba za ta zo ba.

Ya karanta labarin mutumin da ya roƙi jikin Ubangiji, da yatsa, bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Sa'an nan ya rufe Littafin.

"Na ɗauki mai shanu ɗari, na ɗauki wanda ba shi da kaza. A kafaɗa nauyi ɗaya ne. Na wanke su, ba wanda ya ce mini kar ka taɓa ni. Shekara talatin ina kai mutane rami, ban ga wanda ya dawo ba. Shi ya sa da na ji an ce akwai wanda aka naɗe, aka rufe da dutse, ya tashi, ban yarda da sauri ba. Ni na san rami. Wata takwas na sa maganan nan a wuta ina duka, bai fashe ba."

Ya ce a shekarar gudu, shi bai gudu ba, domin uwarsa ba ta iya tafiya. Ya ce ya binne mutane da yawa shi kaɗai, wasu bai san sunansu ba. "Akwai wani a bakin mayo, kogin nan namu, kwana uku a rana. Na san shi. Bai taɓa ba ni ruwa a kofinsa ba. Na naɗe shi da rigana, na sa dutse uku don matansa ya gane wurin. Lokacin ban san Yesu ba. Na ɗauka ƙazanta nake yi, aikin da aka haife ni a ciki. Yanzu na karanta, na ga Ubangiji ma da ya mutu, hannun mutum ya nema."

Kan da ke taga ya ɓace. Na ɗauka ta tafi. Sai ga ta ta zagayo, ta wuce ta gaban Dattijo Zira ba ta dube shi ba, ta sauke kwandonta a ƙofa, ta zauna a bencin ƙarshe da ƙasar gona a ƙafafunta. Ba ta ɗago kai ba har aka yi addu'ar rufewa.

Mutane suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Da ta matso, Dattijo ya tako har bakin ƙofa.

"Wannan bai ƙirgu ba. A tsakiya ya shigo."

Na ce, "Mama, daga ina kika fara ji?"

"Daga inda ya ce shi ya kai ubanninmu." Ta maimaita farkon wa'azin, da karatun, kusan kalma da kalma.

"Kwanye," in ji Dattijo, "ka manta gidan da ka fito?"

"Ban manta ba, Zira. Ranan da mijina yake bakin mayo, kana ina? Kana Kamaru. Ni ma ina Kamaru. Dukanmu mun gudu. Da na dawo dutse uku na samu. Malam, kawo abin yatsan nan."

Ta dangwala. A ƙarƙashin layin na rubuta daidai abin da ya faru: mutum goma sha ɗaya a ciki tun farko, ta goma sha biyu a taga tun farko, ta shigo a tsakiya, ta kuma maimaita abin da aka faɗa kafin shigowarta, shugaban dattawa ya ƙi amincewa, ga dalilinsa. Na karanta wa Dattijo a fili, na tambaye shi ko akwai kuskure. Ya juya baya. Ya hau mashin ɗinsa.

Bayan mako biyar amsar gunduma ta zo, takarda biyu a ambulan ɗaya. Ta farko ta ce, bisa ga rahoton sakatare, wanda ba a sami mai musanta ko layi ɗaya a cikinsa ba, an sa sunan Vandi cikin masu wa'azin ƙauyuka. Ta biyu ta ce an gode mini, aikina a Mubi ya ƙare a ƙarshen wata, saboda rashin fahimtar yanayin wuri. Ni na shigar da su duka biyu a fayil, na ba kowace lambarta. Ban yarda da hukunci na biyu ba, kuma na rubuta musu haka a shafi huɗu. Ba su ba ni amsa ba.

Ranar tafiyata Mama Kwanye ta ba ni ƙullin gyaɗa in kai wa Saratu. Sa'an nan ta ɗauko kwanon nan mai jan fenti daga kan katanga.

"Tafi da shi. Ba wanda zai ci a ciki."

"Har yanzu, Mama?"

"Na ji wa'azinsa, na dangwala yatsa. Maganan kwano ka bar ni da shi. Na tsufa."

Daga cikin dattawa ba wanda ya raka ni. Vandi ne ya zo tasha, sanye da farar riga, domin washegari zai yi Lahadinsa ta farko a Vimtim. Ya ga kwanon a saman jakata. Ya ɗauka, ya juya shi, ya dubi fentin. Ya nufi wurin mai abinci, ya dawo da shi cike da shinkafa da wake. Ya ajiye a kan benci tsakaninmu, a tsakiyar tashar Mubi, da rana tsaka, inda masu lodi da masu keke da mutanen Sabon Layi ke kai da kawowa. Ya wanke hannu. Shi ya fara sa nasa.

"Malam, ci. Hanya da nisa."

Mota ta cika, saura ni. Direba ya danna oda, ya sake dannawa, ya leƙo yana cewa Baba ka taso mana. Na bar shi ya jira har muka ga gindin kwanon.